Ekutar ɗin da masu kunne ke komawa gare su, da abin da ya dace da Yamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin wata magana da ta shafi mawaƙa, makaɗa, masu haɗa sauti a wuraren biki, ma'aikatan gidajen rediyo, da duk wanda ya damu da tsabtar abin da ke shiga kunnensa. Ina nufin ekutar ɗin nan da ake cusawa cikin ramin kunne ya toshe shi ruf, igiyarsa ta zagaya ta bayan kunne, wanda a jikin kwali ake rubuta masa IEM. Kusan kowane wata sai sabon samfuri ya fito daga ƙasar Sin, a yi ta yabonsa a YouTube da Facebook, bayan wata shida a manta da shi. Amma akwai ƴan kaɗan da masu kunne ke ajiyewa, su zagaya su gwada wasu, su sake dawowa gare su. In aka dubi waɗannan da kyau, ba yawan injin sauti ne ya haɗa su ba, ba kuma tsada ba. Suna toshe kunne sosai, suna fitar da muryar mutum kamar yadda take, kuma in igiya ko roba ta mutu ana canza ta a ci gaba da aiki. A gari mai zafi da ƙura da gumi kamar Yamai, waɗannan abubuwa sun fi muhimmanci a kan duk wani abin da ɗan talla zai faɗa.

Asalin abin na dandalin waƙa ne. A 1995 wani mai haɗa sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya ƙera wa makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen ekutar da aka zuba daidai da siffar kunnensa, domin ya ji sauran makaɗa ba tare da an ƙure masa bafil ɗin retur a gefe ba, wato lasifikar da ke mayar wa makaɗa sautinsu domin su ji kansu. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo tushe. Matsalar da ya magance ita ce ta kowane biki a nan: mawaƙi ba ya jin kansa, ya ce a ƙara retur, makirufo ya kwashi sautin retur ɗin ya mayar, lasifika ta fasa ihu, a rage, mawaƙi ya koma tsage murya har ta dushe kafin a tashi.

A cikin tsofaffin da ake komawa gare su, na farko a wurin ma'aikata shi ne Shure SE215, wanda ya fito a 2011 a kan kusan dalar Amurka 100. Injin sauti ɗaya ne a cikinsa, irin mai fata da ke kaɗawa kamar fatar ganga, wanda ake rubutawa DD. Ba shi ne ya fi kowa fitar da siraran sautuka ba. Amonsa na ƙasa yana da kauri, na sama kuma a lulluɓe yake, kuma yau akwai na jaka goma sha biyar da suka fi shi haske. To me ya sa har yanzu yake wuyan makaɗa a duniya? Jikinsa yana kwanciya cikin kunne ba ya leƙowa, kamfanin ya ce da robar soso yana tare hayaniyar waje har desibel 37 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), igiyarsa tana cirewa, kuma rashin tsinin nan nasa shi ne ke sa a yi awa huɗu da shi kunne bai gaji ba. Inda yake da rauni shi ne hancinsa, wato siririn bututun da roba ke hawa. In za a cire robar, a murɗa ta a hankali ana ja. Wanda ya fizge ta gefe zai iya karya hancin, kuma wannan karaya ba ta ɗinkuwa. Sai kuma jabu: SE215 yana cikin waɗanda aka fi yi wa na bogi. In an ce maka sabo ne a kwali a kan jaka goma, alhali yuro 100 kaɗai ya kai sefa 65,600, ka san ba shi ba ne.

Wanda ya girme shi shi ne Etymotic ER4, da ya fito tun 1991 daga kamfanin da Mead Killion ya kafa a jihar Ilinoi. Shi injinsa irin na na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji ne, ɗan harshen ƙarfe da ke rawa tsakanin maganaɗisu, wanda ake rubutawa BA. Siriri ne kamar guntun alƙalami, robarsa mai hawa uku ce, kuma sai an tura ta ciki sosai fiye da yadda mutane suka saba. Kwanakin farko yana damun kunne, wasu ba sa taɓa sabawa da shi. Amma wanda ya jure zai samu abu biyu da wuya a samu a wani wuri: toshewar da kamfanin ya auna tsakanin desibel 35 da 42, da murya tsirara ba kwalliya. Mai tace hira a gidan rediyo zai ji numfashi, ya ji motsin takarda, ya ji kukan panka a bayan mai magana. A 2016 aka sabunta shi zuwa ER4SR da ER4XR, na biyun da ɗan ƙarin amon ƙasa, daga baya aka fito da ƙanensa ER2 mai injin fata, wanda kuɗinsa bai kai rabin na yayan ba. Ni a ganina ER2XR shi ne mafi dacewa ga mai son wannan gida bai da kuɗin babban. Abin lura shi ne akwai ƴar ƙaramar matata a bakin hancinsa wadda dauɗar kunne ke toshewa. Ana cire ta da ɗan ƙarfen da ke zuwa cikin kwali a sa sabuwa. Wanda zai yi odarsa ya haɗa da fakitin matata tun farko, don ba abu ne da za a shiga Babbar Kasuwa a tambaya a samu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tanadi abin da zai riƙe ta.

Akwai kuma Sony MDR-EX800ST, mai fata babba ta milimita 16, da aka yi domin ɗakunan naɗar waƙa na Japan. Sautinsa a buɗe yake, ba ya matse kai. Sai dai yana da ƙofofin iska, hayaniya tana shiga, iska ma tana busa shi. Na ɗaki ne, ba na dandali ko tasha ba. Sennheiser IE 100 Pro yana tsakanin su, ƙarami ne mai daɗin sawa, amma mahaɗin igiyarsa na kamfanin ne kaɗai, in ta mutu sai tasu.

Daga wajen 2017 zuwa yau kamfanonin Sin sun sauya kasuwar gaba ɗaya, kuma a cikinsu ma an samu waɗanda suka zauna. Tin HiFi T2 mai jikin ƙarfe ya yi suna da tsabtar murya da ƙarancin amon ƙasa. Blon BL-03 na 2019 ya yi suna da sautin da ke kama da na kayan kiɗa na gaske, duk da gajeren hancinsa da ke sa sai an canza masa roba kafin ya zauna a kunne. Moondrop na birnin Cangdu ya fito da Blessing 2, mai injin fata ɗaya da BA huɗu, wanda aka daɗe ana auna sauran da shi, sannan Aria a 2021, da Chu a 2022. A shekarar nan ta 2022 ne 7Hz Salnotes Zero ya fito a kan kusan dalar Amurka 20, kuma Truthear ya fito da Hexa, sai Zero:Red a 2023. Ga wanda ke farawa, Salnotes Zero ko Chu II sun isa ya san abin da ake nufi da daidaitaccen sauti. Na ce Chu II ne ba Chu na farko ba, domin na farkon igiyarsa a manne take, ranar da ta tsinke aikinsa ya ƙare sai dai mai gyara ya fasa shi. Shi kuwa Zero:Red hancinsa yana da kauri, mai ƙaramin ramin kunne ya gwada kafin ya biya.

Kada in tsallake KZ, tunda shi ya fi yawa a hannun makaɗanmu, musamman ZSN Pro da ZS10 Pro. Yana da araha, yana da ƙarfi, igiyarsa tana cirewa, kuma ya fitar da mutane da dama daga wahalar retur. Amma an ɗaga masa ƙasa an ɗaga masa sama, murya ta koma baya. Makaɗin ganga da mai jitar bes za su ji daɗinsa. Mawaƙi kuwa zai riƙa ƙara ƙarfi yana neman muryarsa, siraran sautukan su yi ta sukar kunnensa. A nan ne mutane ke ruɗuwa da lissafi, su ga an rubuta inji biyar a kowane kunne su ɗauka ya ninka mai inji ɗaya sau biyar. Yawan inji aiki ne ƙari ga maƙeri, domin sai ya raba musu sauti, wannan ya ɗauki ƙasa, wancan ya ɗauki sama, ba tare da sun taka juna ba. In rabon bai yi kyau ba, inji ɗaya mai kyau ya fi su.

Me ake nufi da daidaitaccen sauti? Kunnen mutum a buɗe yana ƙara wa sautukan da ke wajen 3,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, yawansa sirantarsa) ƙarfi da kansa, saboda siffar faifan kunne da raminsa. Da zarar an cusa ekutar an toshe ramin, wannan ƙarin ya ɓace, dole ekutar ɗin ya mayar da shi, kusan desibel 10. In bai mayar ba murya za ta fito kamar ana magana cikin tulu. In ya wuce gona da iri, guɗa da algaita za su zama azaba. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman, wanda ya ba da ma'aunin ekutar na 2017 da na 2019, shi ne mafi yawan sababbin nan ke bi, kowa da ɗan gyaransa. Ba sai an iya karanta zanen awo ba kafin a gane. A sa muryar mai karanta labarai da aka sani sosai. A saurari haruffan s da ts da sh: in suna tsirawa kamar allura, to wajen 6,000 zuwa 8,000 Hz ya yi yawa, kuma bayan awa ɗaya kunne zai gaji. A sa kiɗan kalangu: ya kamata a ji hawa da saukar muryarsa in makaɗi ya matse tsarkiya, ba dum-dum kawai ba. A sa gurmi ko molo a ji ko tsinkar kirtani tana fita daban da amon ƙwarya. Minti goma na irin wannan sauraro ya fi duk rubutun da ke bayan kwali.

Yanzu ga abin da ya fi komai, kuma shi aka fi rainawa: robar kunne. Mafi yawan masu cewa ekutar ɗinsu ba shi da bes, ba ekutar ɗin ne da laifi ba, iska ce ke fita. Ƴar ƙaramar kafa tsakanin roba da fatar kunne ta isa ta zubar da amon ƙasa duka, sauran sautin ya zama kamar na gwangwani. Kowane kwali yana zuwa da roba ƙarama da matsakaiciya da babba, amma mutane da yawa ba sa taɓa cire wadda suka tarar a jiki. A gwada duka ukun, kuma kowane kunne daban, don ba mamaki na dama ya so babba na hagu ya so matsakaiciya. Wajen sawa, a kai hannun da ke ɗaya gefen ta bisa kai, a ja saman kunne sama da baya domin ramin ya miƙe, a ɗan buɗe baki, a tura robar ana murɗawa, sannan a saki kunnen. In ta zauna, za ka ji muryarka tana amsawa cikin kanka in ka yi magana, kuma in ka murza yatsu biyu kusa da kunne da kyar za ka ji. Mawaƙi ya ƙara gwaji ɗaya: ya buɗe baki iyakar yadda yake yi in yana jan baiti, domin motsin muƙamuƙi yana sauya siffar ramin kunne, robar da ta toshe baki a rufe tana iya sakin iska baki a buɗe.

Robar soso, irin ta Comply ko baƙar nan ta Shure, ana murza ta tsakanin yatsu ta zama siririya, a tura, a riƙe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta kumbura ta cika ramin. Ta fi ta silikon toshewa, kuma ba ta zamewa in an yi gumi, abin da ke da amfani ƙwarai a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40. Amma tana shan gumi da dauɗa, ba ta wankuwa sosai, kuma mai aiki da ita kullum zai canza ta cikin wata ɗaya zuwa uku. Da ta daina komawa siffarta ko ta fara yagewa, a jefar. Ta silikon ana cire ta a wanke da sabulu da ruwa, a bar ta ta bushe ƙarƙaf kafin a mayar. Akwai na sayarwa daban kamar SpinFit da Final Type E, amma a auna kaurin hancin ekutar kafin a saya: robar da aka yi wa hanci mai milimita 5 ko 6 ba za ta kama siririn hancin Shure ko Etymotic ba, tana iya zamewa ta maƙale cikin kunne. In haka ta faru kada a bi ta da tsinken ashana, a je wurin likitan kunne.

Igiya ita ce ke fara mutuwa, kusan kullum. Mahaɗi iri biyu ne suka fi yawa. MMCX, irin na Shure, zagayayye ne, yana shiga da ɗan ƙas, yana juyawa. Juyawar nan ce ke sa shi sakwarkwacewa, ƙura da gishirin gumi su shiga, sauti ya riƙa yankewa in an juya kai. Maganinsa a cire, a goge da ɗan alkol na asibiti a jikin auduga, a bari ya bushe, a daina cirewa da mayarwa ba dalili. Ɗaya kuma mai ƙafa biyu ne na milimita 0.78, irin na Moondrop da 7Hz da Truthear. Ba ya juyawa, ya fi jure ƙura, amma in an ja shi a karkace ƙafafun suna lanƙwashewa. Kuma ana iya sa shi a juye. In an juya gefe ɗaya kawai, kunnuwan biyu za su riƙa saɓa wa juna: bes ya ragu, murya ta bar tsakiyar kai ta warwatse. A gwada da muryar mutum ɗaya yana magana, dole ta tsaya a tsakiya cak. Na KZ ma mai ƙafa biyu ne amma da hular roba a kansa, ba kowace igiya ke hawa daidai ba. Igiya fara mai nuna cikinta tana komawa kore saboda gumi ya taɓa tagulla, wannan muni ne kawai, sauti bai lalace ba. Wadda ta bushe ta yi tauri a bayan kunne kuwa ta kusa karyewa. Kada kowa ya ruɗe ka da igiyar azurfa mai tsadar da ta fi ekutar ɗin kansa. Mai laushi, mai ƙarfin mahaɗi, ta jaka uku ko biyar ta wadatar, kuma gara biyu masu araha da ɗaya mai tsada, domin a ranar biki wadda ke cikin aljihu ce ke ceto.

In gefe ɗaya ya rage ƙarfi, kada a yi saurin cewa inji ya ƙone. A musanya: a ɗaura ekutar na hagu a igiyar dama. In matsalar ta bi igiya, an gane. In ta bi ekutar, sai a cire roba a dubi ragar bakin hanci a cikin haske. Sau da yawa dauɗar kunne ce ta haɗu da ƙurar hunturu ta zama laka ta toshe ragar. A riƙe hancin yana kallon ƙasa domin abin da aka kankaro ya faɗo waje, a yi aiki da ɗan madaukin waya da ke zuwa cikin kwali ko busasshen buroshin haƙori. Allura tana huda raga, kuma a wasu samfura ragar nan ce ke rage tsinin sauti, in ta huje gefen ya fi ɗaya ƙara har abada. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, laima ce ke taruwa a ragar, ta fi kama masu jikin ƙarfe, sai sauti ya dushe bayan rabin awa ya dawo in an ajiye. A samu ƙaramin gwangwani mai murfi, a zuba ƴan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani, a riƙa kwantar da ekutar ciki kowane dare bayan an goge shi. Kada a bar shi a gaban mota ko cikin akwatin babur da rana, zafin yana sassauta gam ɗin da ya riƙe jikinsa.

Sai abin da ake jona shi. Waɗannan ekutar ba sa cin wuta. SE215 yana da ohm 17 (ohm shi ne ma'aunin turjiya ga wutar lantarki), kuma miliwat ɗaya tak, wato kusan bolt 0.13, yana kai shi desibel 107. Saboda haka ɗan mahaɗin USB-C zuwa milimita 3.5 ya ishi salular da ba ta da ramin ekutar. Na Apple da ake sayarwa a Turai an taƙaita shi zuwa rabin bolt, na Amurka yana ba da bolt ɗaya, amma ko na Turan ya fi ƙarfin abin da kunne zai ɗauka da irin waɗannan. Matsalar tana wani gefen: saboda saurin amsawarsu, suna tona duk wani huci da ke cikin na'ura. Campfire Andromeda na 2016, koren nan mai BA biyar da ohm 12.8, ya shahara da daɗin sauti kuma ya shahara da wannan hali. Akwai ƙa'idar da ma'aikata ke bi: turjiyar mafitar na'ura kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta ekutar. Ga ekutar mai ohm 16, kada ta wuce ohm 2. Ramin kaske na tebur ɗin haɗa sauti sau da yawa ya zarce haka nesa, domin an yi shi ne don manyan kaske. Mai injin fata ɗaya ba ya damuwa sosai, amma mai BA da yawa sautinsa yana sauyawa, mutum ya rantse an canza masa kaya.

A dandali, hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramin amfili na ɗamara, kamar Behringer P2 mai cin ƙananan pil biyu na AAA, ko P1 mai cin na bolt 9. Ana ɗauko sauti daga mafitar AUX ta tebur, wato wadda ake ware wa makaɗi sautinsa daban da na jama'a, da igiyar XLR irin ta makirufo zuwa gare shi, kowane makaɗi da tasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona ekutar kai tsaye a AUX da ɗan mahaɗin milimita 6.35. In mafitar mai layi ɗaya ce, kunnen hagu kaɗai zai yi magana. In mai layi biyu masu saɓa wa juna ce, duka za su yi magana amma a saɓe, murya ta zama fanko. P2 yana da maɓalli a ciki na zaɓar mono (sauti ɗaya ga kunnuwa biyu) ko sitiriyo (hagu da dama daban), in XLR ɗaya ce daga AUX ɗaya a sa shi a mono. A cire igiya mai makirufon salula a irin wannan aiki, bakinta mai zobe uku ne, ba ya zama daidai a kowane rami. Mara igiya irin Shure PSM 300 ko Sennheiser ew IEM G4 sai mawaƙin da ke yawo a dandali. Makaɗin da ke zaune wuri ɗaya bai da buƙatarsa, igiya ta fi arha kuma ba ta katsewa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ekutar da ke toshe kunne yana iya kare ji, yana kuma iya kashe shi, ya danganta da mai riƙe da maɓalli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. Ma'aunin wuraren aiki na Amurka ya ba da awa 8 a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: awa 4 a 88, awa 2 a 91, awa ɗaya a 94, minti 15 kacal a 100. Wanda ke tsaye gaban bafil a biki yana cikin wannan na ƙarshen, ba na minti 15 ba, na dare guda. In ekutar ya tare desibel 25 daga 100, saura 75, sai mutum ya ji kansa sarai a 85. Amma wannan lissafi yana rushewa in aka cire kunne ɗaya, al'adar da mawaƙanmu da yawa suka ɗauka don su ji jama'a. Kunnen da ke buɗe yana shan hayaniya duka, na toshe kuma sai an ƙure shi kafin ya rinjayi hayaniyar, an cuci duka biyun. Gyaran yana hannun mai tebur: ya kafa makirufo ɗaya yana kallon jama'a, ya zuba kaɗan daga cikinsa a AUX na mawaƙi, ya ji tafi da guɗa kunnuwansa biyu a toshe. Ya sa abin taƙaita ƙarfi a kowace AUX in tebur ɗin yana da shi, domin makirufo ɗaya da ya faɗi ƙasa, ko igiyar da aka zare ba a kashe layi ba, ko dawowar kuran bayan an ɗauke, yana aika tsawa kai tsaye zuwa dodon kunne. Makaɗi ya fara da maɓalli a ƙasa, ya sa ekutar, sannan ya ɗaga a hankali. Wanda ya tashi daga aiki kunnensa yana kuka ziii ya san ya wuce iyaka a ranar, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Toshewar nan tana da daɗi a motar Yamai zuwa Tawa, sama da kilomita 500 ba tare da an ƙure sauti don a rinjayi kukan inji ba. A kan babur ko a ƙafa a bakin titi haɗari ce, mai kabu-kabu da ya toshe kunnuwansa da desibel 30 ba zai ji odar motar da ke bayansa ba.

Kirana na ƙarshe ga ƴan kasuwarmu masu kawo kayan sauti da na salula, na Babbar Kasuwa da Katako da Wadata. Ekutar ɗin kansa mutum yana iya yin oda sau ɗaya ya biya kuɗin jirgi da na duwan. Abin da ke sa a jefar da mai kyau a koma na jaka ɗaya shi ne rashin ƙananan kaya a kusa. A kawo robar silikon da ta soso a girma uku, na siririn hanci da na mai kauri. A kawo igiyar MMCX da mai ƙafa biyu ta 0.78, da mai makirufo da mara shi. A kawo ragar hanci mai gam a baya, da mahaɗin USB-C na gaske, da na 3.5 zuwa 6.35 mai zobe biyu. Duka ba za su cika kwali ɗaya na takalmi ba. Kuma a ajiye samfurin gwaji a kan kanta tare da roba mai tsabta da kwalbar alkol, domin mai saye ya sa a kunnensa ya ji kafin ya ƙirga kuɗi.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai haɗa sauti, unguwar Bukoki, Yamai